Amsa Ga Wani Uba Daga Zakka Game Da Asalin Halittu

Muna farawa da ambaton Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi halittu ba tare da koyi da kowa ba, muna kuma neman tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani bawan Allah, manomi, daga Zakka ta ƙaramar hukumar Safana a jihar Katsina. Ya ce ɗansa da ke ajin ƙarshe na sakandare ya zo hutu, suna hira da dare sai yaron ya gaya masa an koya musu cewa dabbobi da tsirrai duk tushensu ɗaya ne, har ma mutum yana da dangantaka da biri. Ya ce tun daga wannan dare hankalinsa bai kwanta ba. Ya tuna mana cewa ko lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, maƙwabta da yawa suka janye 'ya'yansu, shi ya daure ya bar nasa, amma idan karatun zai raba yaron da imaninsa, to gara ya dawo gona. Tambayarsa ita ce: ya cire shi ko ya bar shi?

To, ya ɗan'uwana, Allah Ya saka maka da alheri a kan kishin addinin ɗanka, domin kiwo ne aka ba ka, kuma za a tambaye ka a kansa. Amsar da za mu ba ka ita ce kada ka cire shi. Amma ba ma so ka karɓi wannan amsa don mu ne muka faɗa, saboda haka ga dalilai, ka auna su da kanka.

UMURNIN DUBAWA

Abu na farko, a cikin Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Ya umurci bayinsa da su zaga a bayan ƙasa su binciki yadda halitta ta soma. A Suratul Gashiya kuma Ya zargi waɗanda ba sa tsayawa su yi nazarin ƙirar raƙumi. Ashe ke nan wanda ya tona ƙasa yana neman sanin farkon halitta bai shiga hurumin da aka hana shi ba. Sa'an nan a Suratul Isra'i, aya ta 36, an hana mu bin abin da ba mu da iliminsa. Wannan hani kuwa kaifi biyu gare shi: kamar yadda bai halatta mu gaskata magana ba da hujja ba, haka nan bai halatta mu ƙaryata ta ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba.

Imamu Gazali, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a kan haka a littafinsa Tahafutul Falasifa. A zamaninsa akwai masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Sai ya nuna cewa wanda ya san lissafin, ya kuma ga yana cika daidai, idan aka ce masa addini ya ƙaryata shi, to ba lissafin zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. Don haka ya ga ɓarnar mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ta fi ta mai sukarsa a fili. Wannan shi ne haɗarin da ke kan ɗanka idan aka ba shi amsar da ba ta da ƙarfi.

ME SUKE CEWA?

Maganar da aka koya wa yaronka ana kiranta juyin halitta, kuma wanda ya shahara da ita shi ne Charles Darwin, mutumin Ingila, da littafin da ya fitar a 1859. Gindinta abu uku ne, kuma babu makiyayin da bai san su ba. Na ɗaya, 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai da juna. Na biyu, siffofi ana gadonsu. Na uku, abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa yawa, saboda haka wanda siffarsa ta fi dacewa da wurin zamansa shi ya fi barin zuriya. Idan haka ta yi ta maimaituwa zamani bayan zamani, sai zuriyar ta sauya, har reshe biyu na tushe ɗaya su yi nisa da juna su zama jinsi biyu.

Batun gadon siffa kuwa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, da kansa ya yi hukunci da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo yana tuhumar matarsa don ta haifi ɗa baƙi. Manzon Allah ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya fito, sai ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Da ilmin gado aka kuɓutar da mutuncin wannan mata.

SHAIDU DAGA GONARKA DA GIDANKA

Ka dubi geron da kake shukawa. Ka san shibra, wadda wasu ke kira shura, mai kama da gero amma ƙwayarta ƙanana, tana kaɗewa tun kafin girbi. Masana sun gano cewa gero daga wata ciyawar daji ta yankin Sahel ya samo asali, kuma an sami alamun geron gida mafi daɗewa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, masu kimanin shekara 4,500. Kakanni suka riƙa ware zangarniyar da ta fi cika, wadda ba ta zubar da ƙwaya, suna ajiye ta iri, har ciyawa ta zama hatsi. Shibra kuwa tsaka-tsaki ce tsakanin geron gida da danginsa na daji, domin har yanzu suna barbarar juna. Ai duk shekarar da ka zaɓi iri ka rataye a rumbu, wannan aikin kake ci gaba da shi.

Ka dubi kuma alfadari, wanda aka ambata tare da doki da jaki a Suratun Nahli. Jaki ya hau goɗiya a sami alfadari, amma shi alfadarin galibi ba ya haihuwa. Dalili shi ne, abin gadon kowace halitta a ɗaure yake dami-dami a cikin ƙwayoyin jikinta, masana suna kiran kowane dami kuromosom. Doki yana da dami 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, ba sa rabuwa biyu daidai. Wato doki da jaki sun yi kusancin da za su haihu tare, sun kuma yi nisan da zuriyar ba za ta ɗore ba, kamar reshe biyu da suka rabu daga kututture ɗaya.

Sai maganin zazzaɓi. Manya sun tuna lokacin da kuloroƙwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. A hankali ya daina aiki, har gwamnatin Nijeriya ta sauya shi da wani magani a 2005. Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce ta sauya. Daga cikin miliyoyin ƙwayoyin, 'yan kaɗan masu jure maganin suka tsira, suka hayayyafa, zuriyarsu ta mamaye ƙasa. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, daga nan ya yaɗu zuwa yammaci. Wannan sauyi ne da ya auku a kan idonmu.

Wanda ya fi kowanne taɓa mu shi ne ciwon amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon a kowace shekara a ƙasar nan. Me ya sa abin da ke kashe yara ya yawaita haka a cikinmu, alhali ya yi ƙaranci a ƙasashen sanyi? A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa yaro mai jinin AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka a ƙasar sauro, masu AS suka fi rayuwa su bar zuriya, siffar ta yawaita. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ilmin da ake so a raba ɗanka da shi, shi ne tushen gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024. Uwar da ta kwana tana riƙe da yaro yana kukan ciwon ƙashi ta san darajarsa.

SHAIDU DAGA ƘASHI DA DUTSE

Idan Babbar Salla ta zo, ka sa yaronka ya tsaya wurin fiɗar ragon layya, ku ƙirga ƙasusuwan wuyansa, za ku sami bakwai. Na raƙumi bakwai, na raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa bakwai, na ɓera bakwai, naka bakwai. Ku dubi ƙafar gaba: ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, sai ƙananan ƙasusuwa, sai yatsu. Wannan tsari shi ne a hannun mutum, shi ne a fiffiken jemage, shi ne a ƙafar kyanwa, sai dai a wani ya miƙe, a wani ya gajarce, a wani ya haɗe.

Sa'an nan ƙasa tana ajiye tarihi hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama. A yankin Sakkwato an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, aka fara bayaninta a 1930, kuma a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya rufe wannan yanki. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ma cike take da ɓawon halittun ruwa. A Gadufawa cikin hamadar Nijar an tono manyan dabbobin da ake kira dainaso, masu kimanin shekara miliyan 110, tare da wani dangin kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, kuma wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. A cikin waɗannan hawa ba a taɓa samun ƙashin rago ko na doki ba, sai a hawan da ke can sama.

An kuma sami halittu na tsakiya. A Jamus a 1861 an tono wata halitta mai gashin tsuntsu da fiffike, amma da haƙora da doguwar jela mai ƙashi irin ta ƙadangare. A Wadil Hitan ta ƙasar Masar akwai ƙasusuwan manyan dabbobin teku masu shayarwa, waɗanda ke da 'yan ƙananan ƙafafun baya da ba sa iya ɗaukarsu, alamar kakanninsu a tudu suka yi tafiya. Shekarun kuwa ba ƙirƙirarsu ake yi ba. Akwai ma'adinai a cikin dutse da ke rikiɗa da gwargwado sananne, sai a san daɗewar dutsen kamar yadda ake sanin daɗewar fitila a kunne da yawan kananzir ɗin da ta sha. Alƙur'ani bai ƙayyade shekarun duniya ba, ya ma sanar da mu a Suratul Hajji da Suratul Ma'ariji cewa yini a wurin Allah ba irin namu ba ne.

Shaida ta ƙarshe ita ce rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, wanda aka gano siffarsa a 1953. Da haruffa huɗu aka rubuta shi, kuma haruffan nan su ne a gero, su ne a sauro, su ne a tunkiya da mutum. Da shi ake gane dangantakar ɗa da uba a asibiti, kuma da wannan awo aka ga jaki ya fi kusa da doki a kan saniya, saniya ta fi kusa da akuya a kan kaza. Jerin dangantakar da rubutun ya bayar ya zo daidai da wanda ƙasusuwa suka bayar tun kafin a san shi. Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba idan suka faɗi magana ɗaya, alƙali ba ya watsar da ita.

SABABI DA MAI SABABI

Shin wannan ya kore Mahalicci? Ko kusa. Kai ka san ɗanka ta hanyar aure da ciki na wata tara ya zo, amma ba ka taɓa shakkar cewa Allah ne Ya halicce shi ba. Sanin hanya ba ya kore Mai hanya. Allah Ya gaya mana a Suratul Anbiya'i da Suratun Nur cewa asalin masu rai daga ruwa yake, masu jan ciki da masu ƙafa biyu da masu huɗu, amma bai yi mana bayanin ko kowane jinsi shi kaɗai aka ƙage shi ko kuwa daga wani aka fitar da shi ba. Inda nassi ya yi shiru, bincike yana da fili.

Malamanmu ba su ji tsoron wannan fage ba. Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a kan ɗabi'un dabbobi da yadda suke farautar juna. Ibn Haldun, wanda ya yi alƙalancin Malikiyya a Alƙahira, ya jera halittu daraja-daraja a Muƙaddimarsa, daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi, ko da yake maganarsa ba irin ta Darwin ba ce. Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta ƙasar Sham, a littafinsa Risalatul Hamidiyya na ƙarshen shekarun 1880, ya bayyana cewa ko da juyin halitta ya tabbata, ba zai rushe imani ba muddin an san Allah ne Mai gudanar da shi. Wanda ya ce halitta ita ta yi kanta, babu Mai yi, wannan shi ne ya kauce, kuma maganarsa ba daga ƙashi ko dutse ya samo ta ba, ra'ayinsa ne ya ɗora a kai.

Mun kuma ga ƙarshen ɗaya hanyar. A 2009 Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka sani da Boko Haram, ya gaya wa BBC cewa suna ƙin maganar Darwin, da kasancewar duniya ƙwallo, da cewa ruwan sama daga tururi yake. Kowa ya san abin da wannan tafarki ya jawo wa makarantu da al'umma.

ANNABI ADAMU

Saura maganar da ta fi damunka. Gaskiya ita ce masana kimiyya ba su ware mutum daga wannan bayani ba. Ba su ce birin da ke ɓarna a gonarka shi ne kakanka ba. Abin da suka ce shi ne jikin mutum da na birin cimfanzi suna komawa ga tushe ɗaya mai kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7. Hujjarsu ita ce rubutun gadon mutum da na birin cimfanzi sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin 100 a wuraren da ake iya jerawa, kuma mutum yana da dami 46, su 48, amma damin mutum na biyu yana ɗauke da alamar dami biyu da suka haɗe. Akwai kuma ƙasusuwa, kamar ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Chadi a 2001 aka sa masa suna Tumai. Ba za mu ce maka waɗannan ƙarya ne ba, domin Musulmi ba ya kare gaskiya da ƙarya.

Abin da muka yi imani da shi, wanda jumhurun malamai suke kai, shi ne Allah Ya halicci Annabi Adamu, Alaihis Salam, daga yumɓu, ba uwa ba uba, Ya busa masa rai, Ya sa mala'iku suka yi masa sujada, kuma mu duka zuriyarsa ne. Wannan labarin gaibu ne da wahayi ya kawo. Kimiyya tana karanta yadda al'ada ke gudana, mu'ujiza kuwa keta al'ada ce. A Suratu Ali Imrana, aya ta 59, an kwatanta halittar Annabi Isa da ta Annabi Adamu. Da likita zai duba jikin Annabi Isa, da ya same shi cikakken jiki irin na mai uba, kuma wannan ba zai ƙaryata haihuwarsa ba da uba ba. Haka nan kamannin jikinmu da na sauran halittu ba ya iya ƙaryata yadda Allah Ya keɓance Adamu. Ko an yi wasu halittu masu kama da mutum kafin shi? Nassi bai tabbatar ba, bai kuma kore ba. Saboda haka ba mu musun ƙasusuwan, ba mu kuma ce musu Adamu. Darajar ɗan Adam dama ba a tsokarsa take ba, tana ga rai da hankali da amanar da aka ɗora masa.

NASIHA

Don haka, ya ɗan'uwana, ka bar yaronka ya ƙare karatunsa. Ya koyi abin da masana suka faɗa yadda suka faɗe shi, ya amsa jarrabawarsa, domin fahimtar magana da ba da labarinta ba kafirci ba ne. Ka haɗa shi da malamin tauhidi mai haƙuri, wanda ba ya korar mai tambaya. Kada ka tsawata masa don ya kawo maka abin da ke ransa, domin yaron da aka rufe wa baki a gida, waje zai kai tambayarsa. Ka tuna ƙasar Katsina ita ta haifi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ga kuma jami'ar tarayya a Dutsinma kusa da ku. Mutanen Zakka da Runka da Batsari suna bukatar likita da malamin gona daga cikin 'ya'yansu. Idan kuma lokacin aurensa ya zo, ka tabbata an yi gwajin jini kafin a sa rana.

Su kuma malaman makaranta, muna roƙonsu su tsaya inda hujja ta tsaya, kada su cusa wa yara raini ga addini da sunan kimiyya. 'Yan'uwanmu masu wa'azi kuma su yi bincike kafin su hau mumbari, kada su kafirta ɗan Musulmi a kan abin da ba su karanta ba.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonsa Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tabbatar da zukatanmu da na 'ya'yanmu a kan imani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma dawo da zaman lafiya a Zakka da kewayen dajin Rugu da ƙasarmu baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.